Gahawar Habasha da Tamu ta Kan Tsauni: Tambayoyi da Amsoshi

Shagonmu a Jos ƙarami ne. Aikinmu suyar gahawa, niƙa ta da sayarwa, kuma yawancin abin da muke soyawa daga Habasha yake zuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu saye da manoma suka fi yi mana, a baki ko ta WhatsApp, kuma na bar su kusan yadda ake yin su.

Malam, wai mece ce "gahawa ta musamman"? Ba dabarar ƙara kuɗi ba ce kawai?

Akwai ma'auni, kuma ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ƙungiyar masu sana'ar gahawa ta musamman, wato SCA, wadda tushenta wata ƙungiyar 'yan kasuwar gahawa ce da aka kafa a Amurka a 1982, ta daɗe tana auna gahawa da maki 100. Ƙwararrun masu ɗanɗano sukan soya samfuri sama-sama, su niƙa, su zuba ruwan zafi, su shinshina, su kurɓa da cokali, sannan su ba da maki a kan ƙamshi, zaƙi, tsami, kauri a baki, da abin da ke saura a harshe daga baya. Wadda ta kai maki 80 ko ta haura, ita ce ta musamman.

Tun kafin a kai ga wuta ma akwai jarrabawa. Ana auna giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baza a kan tebur a tsince da hannu. In aka ci karo da baƙar ƙwaya da ta ruɓe, ko mai fumfuna, ko tsakuwa, ta faɗi ke nan. Ƙananan aibobi, irin su fasasshiyar ƙwaya, su ma akwai iyakar da ba a yarda su wuce ba.

Ni kuma ina ƙara nawa sharaɗin. In mai kawo kaya bai iya faɗa mini gundumar da aka noma ta, da wurin da aka wanke ko aka shanya ta, da shekarar girbinta ba, ba na saye, komai makin da ya ce ta samu.

Duk faɗin duniya, me ya sa sai Habasha?

Domin can ne gidan gahawar Arabika, nau'in da ya fi ƙamshi, wanda kuma ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na abin da duniya ke nomawa. Har yau tana fitowa da kanta a ƙarƙashin manyan itatuwa a dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasar, shi ya sa a 2010 UNESCO ta sanya dazukan Kafa da Yayu cikin wuraren da ake karewa. Daga can ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman, inda sufaye a ƙarni na 15 suke shan ta don raya dare da zikiri, daga tashar ruwan Mokha kuma ta bazu. Arabikar da ake nomawa a Barazil da Kolombiya da sauransu, akasarinta jikokin 'yan tsirarun itatuwa ne da suka fita daga Yaman. A Habasha kuwa iri ba ya ƙirguwa, ƙauye da ƙauye sai ka ji ɗanɗano ya sauya.

Ita ce ta fi kowace ƙasa noman gahawa a Afirka, amma kusan rabin abin da take nomawa a gida ake shanye shi. Uwargida takan wanke ƙwaya, ta soya a gaban baƙi, ta daka a turmi, ta dafa a wani ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jebena, ga turaren wuta yana tashi, ga gugguru a faranti, a sha zagaye uku. Wannan yana da tasiri a gona ƙwarai. Manomin da ke shan abin da ya noma kullum ya san mai kyau da marar kyau da harshensa, ba sai wani ya zo daga birni ya gaya masa ba.

Waɗannan sunaye na jikin leda, Yirgacheffe, Sidama, Guji, Harar, na kamfanoni ne?

A'a, sunayen wurare ne, kamar yadda muke cewa dankalin Bokkos ko albasar Aliero.

Yirgacheffe gari ne da gunduma a yankin mutanen Gedeo, a kudancin ƙasar. Gonakinsu suna kan tudu mai tsayin mita 1,700 zuwa 2,200 daga teku, inda dare ke da sanyi, 'ya'yan gahawa su nuna a hankali su tara zaƙi. Wankakkiyar Yirgacheffe, wato wadda aka ɓare aka wanke kafin a shanya, ita ce nake fara bai wa wanda bai taɓa shan irin wannan gahawa ba. Ba ta da nauyi a baki, ƙamshinta na furanni ne da ɓawon lemo, har wasu kan tambaye ni ko ganyen shayi na haɗa da ita. In ka ga Kochere ko Gedeb a leda, maƙwabtanta ne, duk ƙasar Gedeo ce. Mutanen nan sun iya haɗa gona hawa-hawa: manyan itatuwa a sama, enset a tsakiya (wani tsiro ne mai kama da ayaba, shi ne abincinsu), gahawa a ƙarƙashi tana shan inuwa. Saboda wannan tsarin noma UNESCO ta sanya ƙasar Gedeo cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Sidama tana arewa da su, kuma ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Ta zama jiha mai zaman kanta a 2020, babban birninta Hawassa. A tsofaffin buhuna za ka ga an rubuta Sidamo. Gundumominta irin su Bensa da Aleta Wondo da Dale kowacce da nata halin, amma 'yan shekarun nan Bensa ce bakin masu saye bai sauka daga kanta ba, musamman ƙauyukan da ke can ƙololuwa.

Guji tana jihar Oromiya. Da can gahawarta a ƙarƙashin sunan Sidamo ake sayar da ita, sai daga baya ta tsaya da sunanta. Uraga, Hambela da Shakiso su ne za ka fi gani. A ganina shanyayyar Guji mai kyau, wato wadda aka shanya da ɓawonta, ba ta da na biyu wajen zaƙin 'ya'yan itace.

Harar kuwa can gabas take, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, don haka shanya ake yi da ɓawo tun kaka da kakanni. Tana da kauri da ƙamshi mai ƙarfi, Larabawan Saudiyya suna matuƙar son ta. Alhajin da ya sha gahawa mai ruwan ɗorawa da dabino a Makka ko Madina, mai yiwuwa ya riga ya ɗanɗani Harar bai sani ba. Abin baƙin ciki shi ne manoma da yawa a can sun sare gahawa sun shuka kat, ganyen nan da ake taunawa, domin shi ana cirarsa sau da dama a shekara, kuɗinsa kuma a hannu.

A yamma akwai Jimma da Limu da Wallaga. Jimma ta daɗe da sunan gahawar gama-gari mai araha, amma ƙungiyoyin manoma da suka kafa wuraren wanki a wajejen Agaro sun nuna cewa laifin na sarrafawa ne, ƙasar ba ta da laifi.

Su wane ne manoman? Manyan gandaye ne na masu kuɗi?

Akwai manyan gandaye, musamman a yamma, amma su ne 'yan kaɗan. Gahawar Habasha a hannun ƙananan manoma take, miliyoyinsu, akasari gonar mutum ba ta kai hekta ɗaya ba, wani ma bayan gidansa ne kawai. Daga Oktoba zuwa Janairu ake girbi. Mutum ya tsinko jajayen 'ya'ya da safe, da yamma ya ɗora a jaki ko babur ya kai wurin wanki, a auna a biya shi. Wurin wanki ɗaya yakan karɓi kayan ɗaruruwan manoma, shi ya sa sau da yawa sunan wurin wankin ake rubutawa a leda maimakon na manomi.

Wuraren wankin nan wasu na 'yan kasuwa ne, wasu na ƙungiyoyin gama kai. Ƙungiyoyin kuma sun haɗu sun kafa manyan uwayen ƙungiya da ke fitar da kaya waje da kansu: ta Oromiya a 1999, ta Sidama a 2001, ta Yirgacheffe a 2002.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, wato matan da ke tsayuwa a bakin gadajen shanya tun safe, suna juya ƙwaya suna tsince marasa kyau ɗaya bayan ɗaya. Kaso mai yawa na makin da gahawa ke samu daga yatsunsu yake fitowa, ladansu kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a duk sana'ar. Wannan abu yana damuna.

Mene ne bambancin wankakkiya da shanyayya?

'Ya'yan gahawa jajaye ne, ƙwaya biyu a ciki, yauƙi mai zaƙi ya lulluɓe su. A wajen wankakkiya, ranar da aka tsinko ake sa inji ya ɓare fatar, a jiƙa ƙwayar a kwarami kwana ɗaya zuwa uku har yauƙin ya saki, a wanke tas, a shanya kamar mako biyu. A wajen shanyayya kuwa ba a ɓarewa, da fatar ake bazawa a gadon shanya mako biyu zuwa huɗu, sai ta bushe ƙayau a ɓarza.

Wankakkiya takan fito garau, tsaminta a fili. Shanyayya ta fi zaƙi da kauri, ƙamshin 'ya'yan itace ya kama ta. Amma ita shanyayya ba ta yafe sakaci. Aka bar ta a tare a wuri ɗaya ta kwana da laima, sai ta ɗauki warin tsami irin na abin da ya fara ruɓa, kuma babu suyar da ke fitar da shi.

Na saya na ji tsami-tsami. Ko ta lalace ne?

In tsamin mai daɗi ne, irin na lemon zaƙi, kuma zaƙi na biye da shi, to haka take. Harshenmu ya saba da gahawar gwangwani ta teburin mai shayi, wadda galibi daga wani nau'in gahawa daban mai suna Robusta ake yin ta. Robusta ɗaci gare ta, kafeyin ɗinta kuma, wato sinadarin da ke hana barci, ya kusa ninka na Arabika. Mu ba ma ƙona ƙwaya ta yi baƙi ƙirin, domin in ta ƙone, Guji da Harar duk ɗaya suke zama a baki. In kuwa tsamin mai kaifi ne ba zaƙi, duba ruwanki, Hajiya: ƙila bai yi zafi sosai ba, ko niƙan ya yi tsakuwa-tsakuwa da yawa.

Wasu ledoji na ga lamba, 74110. Ta mece ce?

Sunan iri ne. A farkon shekarun 1970 wata cuta mai baƙanta 'ya'yan gahawa tun suna ɗanyu ta ɓulla a Habasha. Masana a cibiyar binciken noma ta Jimma suka shiga daji suna neman itatuwan da cutar ba ta kama ba. Lambar 74 tana nufin 1974, shekarar da aka zaɓo uwar irin. 74110 da 74112 ƙwayarsu ƙanana ce, amma suna cikin mafiya ƙamshi. Manoma kuma suna da nasu irin na gado, kamar Kurume da Dega da Wolisho.

Labarin Gesha ya isa ya nuna arzikin da ke dajin nan. A shekarun 1930 aka ɗebo irin daga wajen wani daji mai wannan suna a kudu maso yamma. Ya bi ta Kenya da Tanzaniya, ya isa wata cibiyar bincike a Kosta Rika a 1953, daga nan ya shiga Panama, ya zauna shekara da shekaru ba wanda ya kula shi. A 2004 gonar Hacienda La Esmeralda ta shigar da shi gasa shi kaɗai ba gauraye, aka sayi laba ɗaya dala 21 a gwanjo, farashin da ya girgiza kasuwa a lokacin. Yau yana cikin gahawa mafi tsada a duniya.

Kuɗin da nake biya, yana kaiwa ga manomin kuwa?

Kaɗan daga ciki. Ana buƙatar kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ɗanyar ƙwaya, suya kuma ta cinye kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin. Habasha ba ta da gaɓar teku, sai an yi jigilar buhuna zuwa tashar Jibuti. Ga mai wanki, ga mai fitarwa, ga jirgi, ga kwastan, ga canjin dala, kowa da rabonsa.

An sha gwagwarmaya a kan wannan. Gwamnatin Habasha ta nemi mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe a hukumance, ta yi ta ja-in-ja da kamfanin shagunan gahawa na Amurka, Starbucks, har suka daidaita a 2007. A 2008 aka buɗe kasuwar hada-hadar amfanin gona ta ECX a Addis Ababa. Ta kawo tsari wajen biya, sai dai ta riƙa haɗe kaya bisa yanki da daraja, mai saye ya kasa sanin daga wane wurin wanki buhunsa ya fito. A 2017 aka sassauta dokar, har manomi mai hekta biyu ko fiye ya sami damar neman lasisin fitar da kayansa da kansa. Da aka fara gasar zaɓen gahawa mafi kyau mai suna Cup of Excellence a ƙasar a 2020, wani manomin Sidama, Nigussie Gemeda, ya zo na ɗaya, aka sayi laba ɗaya ta gahawarsa sama da dala 185.

Irin wannan sa'a ta mutum ɗaya ce cikin dubbai. Abin da ya fi taɓa talaka shi ne biya na biyu, wato rarar da ƙungiya ko mai wanki na kirki ke mayar wa manoma bayan an sayar da kaya. Wannan nake tambayar duk mai kawo mana.

An ce zafi na neman kashe gahawar can. Gaskiya ne?

Barazanar gaskiya ce. Arabika ta fi jin daɗin yanayi mai awo 18 zuwa 22 a ma'aunin Selshiyas. Wani bincike da masanan lambun Kew na Ingila suka yi tare da takwarorinsu na Habasha, aka buga a 2017, ya nuna kashi 39 zuwa 59 cikin 100 na wuraren da ake noma ta yanzu na iya daina dacewa kafin ƙarshen ƙarnin nan. Binciken ya ce in aka matsa da gonaki sama kan tudu aka kuma kula da inuwa, za a iya cike giɓin. Sai dai mai 'yar gona a gangare ba shi da halin ɗaukar ƙasarsa ya hau da ita.

To mu nan Filato fa? Ga sanyi, ga tudu. Ba za ta yi ba?

Tana yi, akwai masu noma ta ma. Jos tana kan mita 1,200 da 'yan kai, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma in ka duba taswira za ka ga nisanmu daga layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa kusan ɗaya ne da na Harar. Mambila a Taraba ta fi mu: tsayinta kusan mita 1,600 ne a matsakaici, damina doguwa, kuma kusan layi ɗaya take da ƙasar Sidama da Gedeo. A can aka fi noman Arabika a Najeriya, a ƙaramar hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu. Cibiyar binciken koko ta CRIN da ke Ibadan, wadda gahawa da ganyen shayi ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku. Sauran gahawar ƙasar nan yawanci Robusta ce ta kudu.

Abin da ya karya noman ba ɓoyayye ba ne. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya rasa tabbataccen mai saye. A 1989 yarjejeniyar ƙayyade kason gahawa ta duniya ta wargaje, farashi ya faɗi warwas. Itatuwa suka tsufa ba a sabunta su ba, wasu aka sare aka shuka masara.

Kada mu ruɗi kanmu da tudu kawai. Raninmu a Filato dogo ne, wajen wata biyar ba ruwa. Dashe yana buƙatar inuwa, da ciyawa a gindinsa don riƙe laima, da ban ruwa a shekarun farko, kuma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Mai neman kuɗin bana ya tsaya a dankalinsa da kabejinsa. Amma muna da abin da masu Sidama za su so a ce nasu ne: lokacin da 'ya'ya ke nuna, ruwa ya ɗauke, iskar hunturu busasshiya ce, shanya ba ta ba da wahala.

Ina da tsofaffin itatuwa a gona. Me zan fara gyarawa?

Tsinka da shanya. Wani dattijo daga gefen Pankshin ya taɓa kawo mini nasa a buhun da a da taki ne a ciki. Na zuba a faranti. Ƙwayoyin wasu shuɗi-kore masu kyau, wasu farare fat, wasu sun yamutse, ga 'yan baƙaƙe jefi-jefi. Da na kai hanci sai ƙasa da hayaƙi.

Na ce, "Baba, yaya kuke tsinka?"

Ya ce, "Ɗana, rana ɗaya muke zage reshe gaba ɗaya. Wa ke da lokacin bi ɗaya-ɗaya, ga acca na jiran yanka?"

A ƙasa ya shanya, a rufin madafa ya ajiye. Na tsince masu kyaun kaɗai na soya, muka sha tare, sai ga zaƙi da ƙamshi sun fito. Ya riƙe kofin ya ce, "Wannan daga gonata?" Itatuwansa lafiyarsu ƙalau, kuma uzurinsa na gaskiya ne: ba wanda ya taɓa biyansa ƙarin ko sisi don ya tsinko ja zalla.

Ga abin da na gaya masa. A tsinki wanda ya yi ja sosai kaɗai, a bar ɗanye, a dawo bayan kwana goma ko mako biyu. A zuba a bokitin ruwa, duk abin da ya taso sama a ware shi gefe. A kafa gado da gora ko katako, tsayinsa iya ƙugu, a shimfiɗa raga yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. A baza siriri, a riƙa juyawa, a rufe da tsakar rana in ta yi ƙuna, a rufe da dare saboda raɓa, a kuma nisanta gadon daga bakin hanya saboda ƙurar hunturu. Laimar da ake so ta rage a ƙwaya ita ce kashi 10 zuwa 12 cikin 100. In babu na'urar awo, a ɓare ɗaya a ciza: in haƙori ya lotsa ta, da saura, in ta yi tauri ta fashe, ta yi. Ajiya kuma a buhu mai tsabta, a kan katako, nesa da taki da fetur da albasa da hayaƙi, domin gahawa tana zuƙe warin duk abin da ke kusa da ita.

Ba ni da inji a gida. Yaya zan dafa?

Giram 60 a lita ɗaya ta ruwa, wato kamar cokalin cin abinci biyu a babban kofi. In ruwa ya tafasa a sauke, a jira kamar minti ɗaya, a zuba a kan garin, a rufe minti huɗu, a tace da rariyar shayi mai laushi ko ƙyalle mai tsabta. Kurɓi ɗaya tukuna kafin ka sa sukari ko madara. Ka sayi kaɗan-kaɗan, domin da zarar an niƙa ƙamshin ya fara gudu.

Mai ciki ko mai hawan jini zai iya sha?

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, kusan kofi huɗu ke nan, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ita abin kullum.

Zan iya kawo tawa ku gwada?

Ƙwarai kuwa, kuma ba ma karɓar kuɗin gwaji. Kawo rabin kilo na ɗanyar ƙwaya da aka ɓarza, kada ka soya, kada ka gauraya ta maƙwabci da taka. Rubuta sunan ƙauye, da watan da aka tsinka, da ko wankewa ka yi ko shanyawa da ɓawo. In kana da wadda ka tsinko ja zalla da wadda aka zage gaba ɗaya, kawo su a leda daban-daban, za mu soya duka biyun a gabanka ka ɗanɗana da kanka, sannan mu yi maganar farashin kowacce.